Inuwar da Ba a Kashe Ba

Ni dai bakina bai iya cewa "ban sani ba". Ko hanyar inda ban taɓa takawa ba aka tambaye ni, sai na ɗaga hannu na nuna gabas. Matata ta ce da likita na zama, da tuni an samu sarari a unguwa. Ban zama likita ba. Na zama mai bin sawu a wani kamfani da ke ba da hayar kwamfuta: idan wani abu ya fita ta inda bai kamata ba, ni ake kira in duba ta ina aka bi. Sawu abokan aiki suke kirana. Tumbina kan riga ni shiga ɗaki, gilashina kullum yana kan goshi ina nemansa, amma sunan ya zauna.

Aikinmu ba shi da wuyar fahimta ga wanda ya taɓa zaman gidan haya. Muna da manyan kwamfutoci a wani ɗaki mai sanyi kamar cikin firji. Kowacce an yanka ta ɗaki-ɗaki, kowane ɗaki yana aiki kamar kwamfuta mai zaman kanta, ana ba wani haya. Manhajar da ke raba ɗakunan tana kula da su, Maigida muke ce mata. Abin da muke taƙama da shi a gaban masu haya shi ne, ƙwaƙwalwar kowane ɗaki a kulle take da makullinta. Ko Maigida ya leƙa, shirme zai gani. Mu ma haka.

Sai dai akwai ranar kwashe kaya. Idan za a mayar da ɗan haya daga wata babbar kwamfuta zuwa wata, dole wani ya shiga ya ɗauko abin da ke cikin ƙwaƙwalwar. Don haka ake tayar da wata 'yar ƙaramar kwamfuta a gefensa, a ba ta makulli iri ɗaya da nasa. Inuwa muke kiranta. Duk abin da ɗan haya yake gani, ita ma tana gani. Wannan ba ma faɗa wa masu haya sai sun tambaya, kuma ba sa tambaya.

Wata safiyar Juma'a na tarar da Manaja yana goge teburinsa da hannun riga. Haka yake yi idan ya tsorata. Hukumar da ke shirya jarrabawar ma'aikatan jinya a wurinmu take haya, kuma tambayoyin jarrabawar da za a yi washegari suna yawo a wayoyin ɗalibai tun jiya. An soke jarrabawar. Shugaban hukumar ya kira, ya faɗi abubuwan da Manaja ya ƙi maimaitawa.

"Sawu, wa ya yi?"

Amsar gaskiya tana nan a bakina, gajeriya, ba ta da nauyi. Na haɗiye ta.

"Ranka ya daɗe, wanda ya taɓa ɗakin nan na ƙarshe Injiniya ce. Ita ta kwashe shi ranar Asabar."

Ban ce ita ta sata ba. Na sha maimaita wa kaina haka. Kafin rana ta take an dakatar da ita.

*

Mu huɗu ne ke da ikon ba Maigida umarni: ni, da Injiniya, da Dogo, da Kawu. Injiniya ta fi mu duka iya aikin, kuma ba ta ɓoye cewa ta sani. A ƙarshen wata za ta bar mu, wani babban kamfani mai tsaron bayanan asibitoci ya ɗauke ta. Abu ɗaya suke jira: Manaja ya shaida musu cewa hannunta tsaf yake. A sana'armu, wanda aka taɓa cewa ya leƙa ɗakin ɗan haya, sai dai ya nemi wata sana'a.

Na same ta tana zuba kofinta da cajar wayarta a jaka.

"Yaya Sawu, an ce kai ka ambace ni."

"Ambato kawai na yi. An tambaye ni wa ya taɓa..."

"Ai na taɓa. Iyakwandishan ɗin layin injunan ne ya mutu, da ban kwashe ba da ɗakin ya soyu. Kai a lokacin kana gida kana barcin rana."

"Zan gano gaskiya."

"Gano ta kafin ƙarshen wata," ta ce. "Bayan nan ka ajiye abarka."

Ta wuce ta gaban kowa. Babu wanda ya ɗago kai, kowa ya zama mai ƙwazo a kan allonsa.

A wurin cin abinci kuwa bakuna suka buɗe. Mai karɓar baƙi ta ce ita dama tun da ta ga Injiniya ba ta gaisuwa da kyau ta san akwai wani abu. Direba ya ce a duba mai shara, don ita ke shiga ɗakin injuna da tsintsiya. Mai shara ta ce a duba sabuwar wayar Dogo, wadda ta fi fuskarsa faɗi. Na bi duka, don ni ma ina so a ga ina aiki. Mai shara ba ta da ko katin buɗe ƙofar ciki, Kawu ke buɗe mata ya tsaya a kanta. Wayar Dogo kuwa surukinsa ne ya ba shi, tsohuwa ce, murfin ne sabo. Na bincika ƙofar gaba ta ɗakin hukumar, wato inda masu haya ke shiga da kalmar sirrinsu. Ba baƙon sawu ko ɗaya.

*

Ranar Litinin da safe na tafi hukumar, da fatan ɓarawon nasu ne. Aka haɗa ni da Malama, tsohuwar ma'aikaciyar jinya da ke tsara tambayoyin. Ta dube ni daga sama har ƙasa kamar mai shirin yi mini allura.

"Kai ne mai binciken? Hawan jininka ya yi yawa, daga wuyanka na gani. Zauna."

Na zauna. Ta miƙo mini wayarta, da hoton tambayoyin da ke yawo.

"Dubi wannan, ta maganin yara. Ba ta cikin jarrabawata."

"Ƙari ɓarawon ya yi?"

"A'a, ni na rubuta ta. Ranar Talata, dab da tashin makaranta. Ina cikin bugawa na ga na sa awon babba a madadin na yaro, na ce wannan sai ta kashe 'ya'yan mutane. Na goge ta, na tafi ɗauko jikata. Ko adana ta ban yi ba. To yaya abin da ban adana ba ya fita duniya har da kuskurena a jiki? Yanzu ɗalibai suna can suna haddace shi."

Na sauko da gilashina daga goshi. Abin da aka buga ba a adana ba, wuri ɗaya yake zama: cikin ƙwaƙwalwa, na ɗan lokacin da yake kan allo. Ba ranar Asabar aka yi satar ba ke nan. Ranar Talata aka yi ta, da rana tsaka, Malama na zaune tana bugawa.

Ranar Talata a wannan lokacin na san inda Injiniya take. Muna dawowa daga wurin wani mai haya, motata ta mutu a tsakiyar titi. Ita ce a sitiyari, ni ina turawa, tana leƙo kai ta taga tana cewa, "Yaya Sawu, da ƙarfi mana, ko sai na sauko ka hau?"

Malama ta ce, "Lafiya? Fuskarka ta canza."

"Hawan jinin ne," na ce.

*

Na sa rigar sanyi na shiga ɗakin injuna, na tambayi Maigida wa da wa ke riƙe da makullin ɗakin hukumar. Ya nuna mini biyu: ɗakin, da wata inuwa. An tayar da ita ranar Talata da sunan gayya, wanda mu huɗu muke amfani da shi wajen ƙananan ayyuka saboda lalaci. An bi ta wata ƙofar gyara da muka bari a jikin inuwoyinmu, wadda kowace shekara muke cewa za mu toshe. An kwashi abin da aka kwasa. Daga nan wanda ya yi aikin bai kashe ta ba. Ya rage mata ƙarfi, ya kwantar da ita a tsanake, kamar an lulluɓe jariri.

Na daɗe ina kallonta. Wane irin ɓarawo ne zai bar tsaninsa a jikin katanga, har ya goge shi ya jingina da kyau?

Na kira Injiniya a waya.

"Inuwar da kika tayar ranar Asabar, me kika yi da ita?"

"Na kashe ta mana. Me zan yi da ita, in goya ta?"

"Dokar fa?"

"Yaya Sawu, kai ma ka san dokar nan ta tsufa. Ka gano wani abu ne?"

"Ina kan hanya," na ce, na kashe wayar da sauri.

Dokar ta Kawu ce. Shi ne mafi tsufa a cikinmu, shi ya koya mini aikin tun ina da gashi a ka. Shekarun baya ya taɓa kashe wata inuwa bayan kwashe kaya, sai ta tafi da makullin gaba ɗaya, ɗakin ɗan hayar ya rushe da aikin mutane a ciki. Saura kaɗan a kore shi. Tun daga ranar ya kafa doka: ba a kashe inuwa matuƙar mai ita yana aiki, sai dai a kwantar da ita. Masu ƙera Maigida sun daɗe da gyara wannan matsala. Babu dai wanda ya iya duban idon Kawu ya ce masa dokarsa ta mutu. Ni kaina a ɓoye nake kashe nawa.

Saura Dogo. Na tare shi a bakin matakala.

"Tsakaninka da Allah, kana bin dokar Kawu?"

Ya waiga hagu da dama. "Baba Sawu, tarko ne?"

"Tambaya ce."

"Idan yana kusa ina bi. Yana juya baya in aika inuwar lahira. Don Allah kada ka gaya masa, jiya ma ya ba ni rabin abincinsa."

*

Da rana na zauna cin abinci da Kawu a bencinmu na bayan ofis, kamar kullum. Ya buɗe kwanonsa ya tura mini, shi bai ci ba.

"Yaya Auta?" na tambaya. 'Yarsa ce ta ƙarshe. Sau biyu tana faɗuwa jarrabawar nan ta jinya, kuma duk wanda ya faɗi ta uku an rufe masa ƙofa.

"Tana nan," ya ce. "Ba ta fita. Kuka take ta yi."

"Saboda an soke?"

Ya ɗan jima yana juya murfin kwanon. "Yaran yanzu ba sa iya riƙe abu su kaɗai. Komai sai sun tura wa ƙawa."

Bai dube ni ba, ni ma ban dube shi ba. Na cinye abincinsa tas, don ban san me zan yi da bakina ba.

Daga bencin nan zuwa ofishin Manaja ba nisa. Ban je ba. Na ce wa kaina sai na ƙara tabbatarwa. Talata na tabbatar da abin da na riga na tabbatar. Na ce wa kaina wataƙila Kawu zai je da ƙafarsa, ya fi mutunci. Na ce ai ƙarshen wata da saura. Manaja ya tare ni a hanya ya ce, "Ina aka kwana?" Ni da ba a taɓa tambayata na rasa amsa ba, na ce masa bincike ba ya son gaggawa.

Laraba da yamma matata ta ajiye mini shayi ta tsaya a kaina.

"Tun shekaranjiya kake tauna abinci kamar an ba ka katifa. Wa ka kashe?"

Na gaya mata. Ta saurara har ƙarshe, abin da ba ta saba ba.

"To ita yarinyar mutane fa da ke zaune a gida?"

"Kawu ne fa. Shi ya tsaya mini ranar aurenmu."

"Na sani, ina wurin. Ita kuma ta tura maka mota."

"Ni na tura. Ita tuƙi ta yi."

"Sha shayinka," ta ce. "Ka ga ma ka fi ƙwarewa a gyaran magana."

*

Alhamis da safe na roƙi Manaja ya tara mu a ɗakin taro, har da Injiniya. Ta zo ta zauna kusa da ƙofa, jakarta a cinya. Dogo ya kifa wayarsa a kan tebur don kada a sake ganin faɗinta. Kawu ya zauna a kujerarsa ta kullum, ƙarƙashin agogo.

Na ba su labarin Malama da tambayar da ba a adana ba. Na faɗi ranar da lokacin. Na faɗi inda Injiniya take a lokacin, har da maganar motar, Dogo ya yi dariya shi kaɗai ya haɗiye ta. Sannan na haska allon bango, na nuna musu inuwar tana kwance.

"Na kwafe duk abin da ke jikinta, na adana," na ce. "Yanzu zan kashe ta."

"Kai, Sawu!" Kawu ya miƙe rabi. "Mutanen suna ciki suna tsara sabuwar jarrabawa. Za ka rushe musu ɗaki."

Na danna. Inuwar ta ɓace daga allon. Ɗakin hukumar yana nan, kore shar, yana aikinsa.

Kawu ya ƙura wa allon ido yana jiran rushewar. Ba ta zo ba.

"Bai faɗi ba," ya ce.

"Kawu," in ji Dogo, murya ƙasa-ƙasa, "an gyara abin nan tun kafin in yi aure."

"Kuna kashewa ke nan? Dukanku?"

Ya dube ni. Na nemi gilashina a aljihu alhali yana kan hancina.

Kawu ya koma ya zauna a hankali. "Ashe da na kashe ta ba abin da zai faru," ya ce. Ba da mu yake ba. "Na tsaya a kanta, yatsana a kan madanni. Na ce matar nan tana ciki tana aiki, in na rushe mata ɗaki hakkinta zai kama ni."

Manaja ya fara goge tebur.

Sauran bai yi wuya ba. Kawu ya ce Auta kaɗai ya ɗaukar wa, bai taɓa tunanin zai wuce wayarta ba. Ya ciro katinsa daga wuya ya ajiye a kan tebur, ya daidaita igiyar. Ya juya wajen Injiniya.

"'Yata, ranar Juma'a ina kallo kika fita da jaka. Na so in buɗe baki, ya ƙi buɗuwa."

"Na gan ka, Kawu," ta ce. "Na ɗauka tausayina kake ji."

Da zai fita ya dafa kafaɗata. "Aikinka ya yi kyau. Ni na koya maka." Da marina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Manaja ya share murya ya ce an ɗage dakatarwar Injiniya nan take, kuma yau ɗin nan zai kira sabon kamfanin nata da kansa. Ya ce kamfani yana alfahari da mai bin sawunsa. Dogo ya fara tafi, ya ga shi kaɗai ne, ya mayar da shi sosa hannu.

*

Na cim mata a wurin ajiye motoci tana neman makullinta a jaka.

"Injiniya, ki yafe mini maganar Juma'a. Bakina ne."

"Bakin naka ai kowa ya san shi, Yaya Sawu. Ba komai. Ka dai bi sawun har gida, kuma na san ba sauƙi, mutuminka ne." Ta samo makullin. "Yaushe ka gane shi ne?"

"Jiya," na ce. "Jiya da yamma."

"To ka ga ba laifinka ba ne." Ta buɗe ƙofa ta jefa jakar ciki. "Ka ce wa Manaja kada ya wahalar da kansa da kiran nan."

"Me ya sa? Ai ƙarshen wata bai yi ba."

"Su ba su jira shi ba. Labari ya kai musu. Sun ba ni zuwa Laraba da rana in kawo wanda zai wanke ni, ban samu ba, suka ba wani."

Ta tayar da mota, ta ɗaga mini hannu, ta fita ta babbar ƙofa. Tun Litinin na sani.